Kafin A Sayo Uwar Allon Kwamfuta

A wannan fitowa mun ɗauko batun kwamfutar tebur, musamman sashenta da ake kira uwar allo, wanda masu shago ke ce wa madabod, wasu kuma bod kawai.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan ƙaramar sakandare da wannan magana? Ruwanmu ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. A 2024 kuma WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu da kwamfuta. Duk wanda yake burin shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko wata jami'ar, sai ya zauna gaban kwamfuta kafin ya kai can. Shi ya sa makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, da yayyenmu masu shagon buga takardu suke ta ƙoƙarin samun kwamfuta. Wasu sukan sayi kayan ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa, wasu kuma sukan nemi sabon bod don su tayar da wadda ta mutu.

To, kayan kwamfuta ba batirin tocila ba ne da za a samu a kowane shago a Batsari ko Safana. Yawanci sai an je Katsina, ko Kano, wani lokaci ma sai an aika Ikeja a Legas, kasuwar da ake kira Computer Village. Idan aka sayo bod aka dawo gida, aka tarar bai dace da sauran kayan ba, an yi asarar kuɗin mota, an yi asarar yini guda, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki wanda kowa ya sani. Ba kowane mai shago ne ma yake karɓar kayan da aka riga aka buɗe ba. Saƙonmu guda ɗaya ne: a gida ake zaɓen uwar allo, da biro da takarda, kafin a shiga mota. Kasuwa wurin biya ne da gwaji kawai.

Mece ce uwar allo?

Da yawa daga cikinmu muna kiran akwatin kwamfuta gaba ɗaya CPU. A gaskiya CPU, wato furosesa, ɗan ƙaramin abu ne mai kusurwa huɗu wanda bai cika tafin hannu ba, kuma shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Idan aka buɗe akwatin za a ga wani faffaɗan faranti, kore ko baƙi ko ruwan ƙasa, mai siraran layuka kamar zanen taswira. Wannan ita ce uwar allo. A kanta furosesa yake zama. A kanta ake soka RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye aikin da take kan yi. Daga gare ta wayoyi suke tafiya zuwa ma'adanar dindindin inda takardu da hotuna suke kwana, da monita, da kibod, da linzami. Siraran layukan nan tagulla ce, ta cikinsu wuta da saƙonni suke bi.

Malaminmu na kwamfuta ya kwatanta mana ita da tashar mota. Tasha ba ta ɗaukar fasinja da kanta, amma kowace mota tana da layinta a ciki, kuma motar da ba ta da layi ba za ta yi lodi ba. Haka uwar allo take. Ba ita ke sa kwamfuta sauri ba, amma ita ke yanke wane furosesa zai shiga, wace RAM za ta shiga, da wane akwati za a nema. Manyan kamfanonin da ke ƙera ta don masu harhaɗawa su ne ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, kuma dukkansu na Taiwan ne.

A fara da aikin da za a yi

Kafin a ambaci sunan kowane bod, a tambayi kai: me za a yi da kwamfutar? Koyon buga rubutu, da Word da Excel, da gwajin tambayoyin jarrabawa, da buga sakamakon ɗalibai ba sa buƙatar bod mai tsada. Bod mai fitilu kala-kala da manyan ƙarafa an yi shi ne don masu wasannin bidiyo da masu tace finafinai. Kuɗin bod ɗaya irin wannan zai iya sayen masu sauƙi biyu ko fiye, kuma a makarantar da ɗalibai biyar ke layi a bayan kwamfuta ɗaya, kwamfuta biyu matsakaita sun fi ɗaya mai ƙawa amfani.

Abu na farko: soket

Idan an san aikin, sai a zaɓi furosesa. Kamfanoni biyu ne ke yin furosesa na kwamfutar tebur da muke gani a kasuwa, Intel da AMD, duka na Amurka. Furosesan Intel ba ya zama a kan bod ɗin AMD, na AMD ma ba ya zama a kan na Intel. Mazaunin furosesa a kan bod shi ake kira soket, kuma kowane soket yana da lambarsa.

Intel tana fitar da furosesa zubi-zubi. Ana gane zubin daga lambar da ke bayan sunan. Core i5-4570 ɗan zubi na 4 ne, Core i5-8400 na 8, Core i3-12100 kuma na 12. Abin lura a nan shi ne, i3 ko i5 ko i7 ba su ne ke nuna soket ba. Mai cewa a ba shi bod ɗin i5 kamar wanda ya ce a ba shi takalmin ɗalibi ne bai faɗi lamba ba. Ga yadda zubi da soket suke tafiya:

Zubi na 2 da na 3: LGA 1155
Zubi na 4: LGA 1150
Zubi na 6 da na 7: LGA 1151
Zubi na 8 da na 9: LGA 1151, amma na biyu
Zubi na 10 da na 11: LGA 1200
Zubi na 12, na 13 da na 14: LGA 1700
Core Ultra na tebur da ya fito a 2024: LGA 1851

A duba layi na uku da na huɗu da kyau, domin nan ne tarko yake. Lambar ɗaya ce, furosesan zai shiga ya zauna daram, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Core i5-8400 ba ya aiki a kan bod ɗin da aka yi wa zubi na 6 da na 7, ko da yake soket ɗin duka 1151 aka rubuta.

AMD ta fi sauƙin tunawa. Soket AM4 ya ɗauki furosesan Ryzen tun fitowarsu a 2017 har zuwa Ryzen 5000. Soket AM5 ya zo a 2022 tare da Ryzen 7000.

Akwai wani bambanci da ya shafi mai saye. A AM4, siraran allurai suna jikin furosesa, soket kuma yana da ramuka. A LGA, da kuma AM5, allurai suna cikin soket ɗin bod. Lambar LGA ma yawan alluran take nufi, LGA 1700 yana da allura 1,700. Ɗaya ko biyu kawai in sun lanƙwashe suna iya hana kwamfuta tashi, ko su kashe ramin RAM guda. Don haka ba a sa yatsa a cikin soket, ba a goge shi da tsumma.

Abu na biyu: cifset da BIOS

Bayan soket sai cifset, wani ɗan guntun lantarki a kan bod wanda ke kula da shige da ficen saƙonni tsakanin furosesa da sauran kaya. Sunansa yana cikin sunan bod ɗin. H61 na LGA 1155 ne, H81 na LGA 1150, H110 na zubi na 6 da na 7, H310 na zubi na 8 da na 9, H610 da B760 na LGA 1700. A gefen AMD akwai A320 da B450 da A520 da B550 a AM4, sai A620 da B650 a AM5. Waɗanda muka lissafa masu H da A su ne masu sauƙin kuɗi, masu B matsakaita, masu Z a Intel da X a AMD su ne na ƙoli. Aikin makaranta ba ya wuce ƙarfin H ko A ko B.

Idan mutum ya iya karanta sunan bod, ya rage wa kansa rabin wahala. Mu ɗauki ASUS PRIME H610M-K D4. H610 shi ne cifset, ke nan soket LGA 1700 ne. M tana nufin matsakaicin girma ne. D4 tana nufin RAM ɗin DDR4 yake ɗauka. Abu uku ke nan aka sani daga layi ɗaya.

Sai BIOS, wato 'yar ƙaramar manhajar da ke cikin bod, wadda ke fara tashi kafin Windows. Idan furosesa ya fi bod sabunta, BIOS ba zai gane shi ba sai an sabunta shi. Wannan yakan faru da Ryzen 5000 a kan tsohon B450, da zubi na 13 a kan H610 na fitowar farko. Kowane kamfani yana da jerin furosesan da bod ɗinsa yake ɗauka a shafinsa na intanet, tare da lambar BIOS da ake buƙata. A duba jerin tun a gida. In sabuntawa ta zama dole, a roƙi mai shago ya yi a shagonsa, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta BIOS, bod yana iya mutuwa.

Abu na uku: RAM

RAM ɗin da za a tarar a kasuwa iri uku ce: DDR3 da DDR4 da DDR5. Ta DDR3 tana da haƙora 240, DDR4 da DDR5 kowace 288. A tsakiyar haƙoran akwai ɗan giɓi, kuma wurin giɓin ya bambanta a kowane iri, da gangan aka yi haka don kada wata ta shiga ramin wata. In RAM ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba, ba gidanta ba ne. Mai dannawa da ƙarfi ramin zai fasa.

Bod ɗin H61 da H81 DDR3 suke ci. AM4 DDR4 yake ci, AM5 kuma DDR5 kaɗai. LGA 1700 ne mai rikitarwa, saboda ana yin wasu bod ɗinsa da ramin DDR4, wasu da ramin DDR5, kuma babu wanda ke ɗaukar duka biyun a cikin waɗanda aka saba gani. Dole a karanta kwalin. Haka nan RAM ɗin laftof gajera ce, ba ta shiga ramin kwamfutar tebur da aka saba.

A ƙirga ramukan kuma. Bod mai sauƙi yakan zo da rami biyu, matsakaici da huɗu. Idan kuɗi bai kai ba, ana iya sa RAM ɗaya mai 8GB yanzu, a bar rami ɗaya sai Allah ya hore.

Abu na huɗu: girma da akwati

Uwar allo tana da girma uku da aka fi sani. ATX, wanda Intel ta fito da shi a 1995, tsawonsa milimita 305, faɗinsa 244. Micro-ATX bai wuce milimita 244 ta kowane gefe ba. Mini-ITX shi ne ƙarami, 170 ta kowane gefe. Duk mai rula a jakarsa zai iya auna akwatin da ke makaranta ya gani. Ƙaramin bod yana shiga babban akwati, babban bod ba ya shiga ƙaramin akwati. Ga makaranta, Micro-ATX ya fi dacewa, yana da araha, kuma akwatinsa ba ya wuyar samu.

Nan akwai maganar da ta fi shafar mu. Yawancin kwamfutocin tebur da ake gani a makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu na hannu ne, ƙirar HP ko Dell ko Lenovo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje. Injina ne masu ƙarfi, amma da yawansu kamfanin ya ƙera musu bod da akwati da tukunyar wuta nasu na kansu. Tukunyar wuta, wadda masu gyara ke kira fawafak, ita ce ke karɓar wutar bango ta rage ta ta raba wa kayan ciki. Bod ɗin kasuwa yana karɓar wuta ta babban fulogi mai rami 24, da wani ƙarami mai 4 ko 8 na furosesa. Amma Dell OptiPlex 7020, alal misali, babban fuloginsa mai 8 ne. Ba lahani ba ne, haka aka ƙera shi. Ma'anarsa dai ita ce, in bod ɗin irin wannan kwamfuta ya mutu, nasa na ainihi za a nema da lambar samfurin da ke jikin akwatin. Wanda ya sayo bod ɗin kasuwa zai iya tarar da cewa sai ya ƙara sayen fawafak, wataƙila har da akwati.

Abu na biyar: ramukan baya

Kafin a tafi, a juya monitar da ake da ita a duba wayarta. Tsofaffin monita da yawa wayar VGA suke amfani da ita, mai shuɗin kai da allurai 15. Sababbin bod da yawa HDMI da DisplayPort kawai gare su. Akwai masu sauƙin kuɗi da har yanzu suke zuwa da VGA, kamar wanda muka karanta sunansa a sama. In babu, sai an ƙara kuɗin mahaɗi.

Ramin monita a bayan bod ba ya fitar da hoto shi kaɗai. Hoton daga cikin furosesa yake fitowa, kuma ba kowane furosesa ne yake da wannan sashe ba. A Intel, wanda lambarsa ta ƙare da F ba ya fitar da hoto. Core i3-12100 yana fitarwa, Core i3-12100F ba ya fitarwa. A Ryzen na AM4, mai G a ƙarshe shi ne mai hoto, kamar Ryzen 5 5600G. Mai F yakan fi araha, amma sai an saya masa katin hoto daban, kuma kuɗin katin ya fi rangwamen da aka samu. Araha ba ta ado.

A ƙirga ramukan USB: kibod ɗaya, linzami ɗaya, firinta ɗaya, filas ɗaya, huɗu ke nan tun ba a je ko'ina ba. A tabbata akwai ramin wayar sadarwa da ake kira LAN, domin cibiyoyin jarrabawa da wannan waya suke haɗa kwamfutocinsu da babbar kwamfuta, kuma makarantar da ke son yi wa ɗalibanta gwaji irin na cibiya haka za ta yi. Wi-Fi kuwa ba kowane bod ne yake zuwa da shi ba, wanda yake da shi akan rubuta a sunansa.

A ciki kuma a duba ramin ma'adana. Ramukan SATA suna ɗaukar tsohon hadis da SSD mai faɗi. Ramin M.2 yana ɗaukar siririyar SSD, wadda aka fi samu mai lamba 2280, wato faɗi milimita 22, tsawo 80. Sauya hadis da SSD yana sa ko tsohuwar kwamfuta ta tashi da sauri.

Maganar Windows

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: tana son furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ke nan bod ɗin H61 da H81 da H110, waɗanda suka fi yawa a kasuwar kayan hannu, ba sa cikin waɗanda aka amince musu. Ba mu ce a zubar da su ba. Suna koyar da buga rubutu lafiya lau, kuma ana iya sa musu Linux, wadda kyauta ce. Amma wanda zai kashe kuɗi yau don kwamfutar da yake so ta yi shekaru, gara ya fara daga zubi na 8.

Yadda ake gane bod mai aminci

Dacewa daban, aminci daban. Bod yana iya dacewa da komai amma ya mutu bayan wata ɗaya. Ga abin da za a duba a shago.

In sabo ne, ya zo a kwalinsa, cikin ledarsa mai kare shi daga tartsatsin wuta, da littafinsa, da wayar SATA, da murfin roba a kan soket in LGA ne. Lambar da ke jikin kwali ta zama ɗaya da wadda ke jikin bod.

In na hannu ne, a fito da shi haske. A duba alluran soket da tocilar waya, duk su kwanta layi ɗaya. A duba kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan bod. Kansu ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya zubar da wani abu mai launin tsatsa ya gama aiki. A juya bayan bod a nemi tabon ƙuna, ko alamar ruwa, ko dalmar da aka yi da hannu. A shinshina ma, ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya. A tambayi murfin ƙarfen da ke rufe ramukan baya. Bod na hannu da yawa ba sa zuwa da shi, kuma in babu shi an bar wa tsaka da kyankyasai da ɓeraye ƙofa a buɗe. Akwai kuma batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. In ya mutu, kwamfuta za ta riƙa manta kwanan wata da agogo. Sauya shi ba wuya, kuma ba dalili ba ne na cewa bod ya lalace.

Sabo ko na hannu, kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai shago ya ɗora furosesa da RAM ya kunna a gaban mai saye. A ga BIOS ya nuna sunan furosesa da yawan RAM daidai. A gwada kowane ramin RAM, a soka filas a kowane ramin USB. A bar shi yana aiki na ɗan lokaci. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da sunan bod, da lambarsa, da kwanan wata, da kwanakin garanti a rubuce. In kuɗin makaranta ne ko na ƙungiya, wannan takarda ita ce za ta wanke wanda aka aika.

Wuta, ƙura da zafi

Ko bod mafi kyau ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. Wutar bango a Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance, amma mun san yadda takan zo ƙasa-ƙasa, ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Janareta ma yakan yi haka lokacin tashi da lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Saboda haka kuɗin sitabilaiza ko UPS yana cikin kuɗin kwamfuta, ba ƙari ba ne. Fawafak mara nauyi, mara suna, shi ma yana kashe bod. Masu amfani da sola su lura da cin wutar furosesa: an rubuta wa Core i3-12100 wat 60, Ryzen 5 5600G kuma wat 65, alhali manyan furosesa na masu wasa suna cin 125 ko fiye. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare fulogi da wayar LAN.

Da hunturu ƙura takan cika fanka ta toshe iska, da bazara kuma zafi yakan haura digiri 40. In suka haɗu, kwamfuta sai ta riƙa kashe kanta. A ɗora akwati a kan tebur, ba a ƙasa ba. A rufe shi da zane in an kashe, a buɗe in za a kunna. Kowane zangon karatu a zare wuta a hure ƙurar da bulowa, ana riƙe da fanka don kada ta yi ta juyawa.

Hunturu yana da wani haɗarin. Kowa ya taɓa cire rigar sanyi da dare ya ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan tartsatsi. Wannan wutar da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska ta isa ta lalata kayan bod. Mai harhaɗawa ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa bod, ya riƙe shi ta gefe, ya ajiye shi a kan kwalinsa, ba a kan bargo ko darduma ba. Kuma kada a manta da 'yan ƙafafun ƙarfen da ke ɗaga bod daga jikin akwati. In bayan bod ya taɓa ƙarfe, wuta za ta haɗu.

Takardar da za a tafi da ita kasuwa

Ga misalin haɗi biyu da suka dace da aikin makaranta. Na farko, Core i3-12100, da bod H610M mai DDR4, da RAM DDR4 mai 8GB, da SSD, da akwatin Micro-ATX. Na biyu, Ryzen 5 5600G, da bod A520M ko B550M wanda BIOS ɗinsa ya san wannan furosesa, da RAM DDR4. Duka biyun suna fitar da hoto ba tare da kati ba, kuma suna ɗaukar Windows 11. Ba mu rubuta farashi ba saboda yana sauyawa da dala.

Wanda za a aika ya tafi da takarda mai amsar waɗannan tambayoyi:

1. Cikakkiyar lambar furosesa, har da harafin ƙarshe.
2. Soket da cifset da suka dace da shi.
3. RAM: DDR3, DDR4 ko DDR5, kuma rami nawa.
4. Girman akwati, kuma na kasuwa ne ko na HP ko Dell ko Lenovo.
5. Fulogin fawafak: mai 24 ne ko wani iri.
6. Wayar monita: VGA, HDMI ko DisplayPort.
7. Ma'adana: SATA ko M.2.

In akwai kayan da za a yi amfani da su daga gida, kamar furosesa ko RAM, a tafi da su a gwada a can. In ba za a iya ɗauka ba, a ɗauki hotonsu da waya yadda lambobin za su fito. In mai shago ya kawo wani bod ya ce duk ɗaya ne, a buɗe takardar a bi layi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Muna roƙon malamanmu, in akwai matacciyar kwamfuta a sito, a ba ɗalibai dama su buɗe ta tare da malami, su nemo soket da cifset da ramin RAM da idonsu. Gani ya kori ji.

Tambayar wannan fitowa

Wani yana da furosesa Core i5-4570, da RAM DDR4, sai aka ba shi bod H610M mai DDR4. Wanne ne cikin kayansa biyu zai shiga bod ɗin, wanne ne ba zai shiga ba, kuma me ya sa? A rubuta amsa da suna da aji, a ba kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba yankinmu zaman lafiya, amin.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.